Shekarar da Na Ƙi Dangwala Yatsa

Da ba don ɗiyata Saratu ba, da ban taɓa zama na ce a rubuta wannan babi ba. Na so in tafi kabari da shi, don akwai abin da tuna shi kaɗai ke hana mutum cin tuwo. To amma ran Talatar da ta wuce sai ga ta daga Shinkafi, ko mayafi ba ta cire ba ta zube gaban tabarmata tana huci. Wai a gidan suna wata daga dangin mijinta ta dube ta, ta ce a rage murya, ga ɗiyar infoma nan ta shigo. Infoma! Wato ni, Garba maɗori, ni ne mai kai wa ɓarayin daji rahoto. Da furfurata, da gwiwar da ba ta kai ni masallaci sai da lallashi, har yau ba a gaji da ni ba. To ni na gaji. Na ce wa Lawali, babban ɗana, ya ɗauko takarda da biro ya zauna, kuma na ja masa kunne tun da wuri: abin da na faɗa shi zai rubuta, har inda sunansa ya fito, ba gyara ba tsallake. Ku 'ya'yana da jikokina, ku karanta ku san abin da na yi da abin da ban yi ba, in ya so kowa ya riƙe abin da ya ga dama.

Ɗori gado ne a gidanmu. Ubana ya karɓa wurin ubansa, ni na karɓa wurinsa, a ƙauyenmu da ke ƙasar Zurmi, wanda ba zan kama sunansa ba don akwai masu rai da kunya za ta kama. Ranar da ya fara barina na ɗaura kara a ƙafar mutum, ya ba ni ƙa'ida biyu. Ta farko, ba a tambayar karyayye ɗan wa ne, ko me ya kai shi inda ya karye. Ka gyara ƙashi, sauran tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ta biyu ita ce ta sanda. In wanda ka ɗora ya fara taka ƙasa, za ka ba shi sandar aduwa daga cikin waɗanda ke jingine a zaure. Ranar da ya dawo maka da ita da ƙafarsa, ranar ka gama aiki. Kafin wannan rana yana wuyanka, ko da ya kai Makka. Da waɗannan ƙa'idoji biyu na yi shekara arba'in ina aiki, ba wanda ya taɓa cewa na ci amanar gari.

Shekarar da nake magana ita ce wadda ta biyo bayan kashe Sani, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya. A gonarsa ta gero ɓarayi suka harbe shi, fartanya na hannunsa, ni na ɗauko shi a kafaɗata. Saboda haka kada wani ya zo yana koya mini su wane ne ɓarayin daji, na san su fiye da mai faɗa. Da aka kawo mana soja aka sauke su a makarantar firamare ta bakin gari, wallahi har hawaye na yi don murna. Yara ne, wasu ba su kai Lawali ba, sun baro iyayensu a wata uwa duniya sun zo suna kwana cikin sauro saboda mu. Mahaifiyarku Hure, Allah ya jiƙanta, tun kwana na biyu ta ware kwano guda babba. In ta kwashe tuwo, nasu take fara zubawa kafin nawa, kuma da kaina nake kai shi. Manyan gari kuwa in motar soja ta wuce sai ɗaga hannu da kirari, "Allah ya ja zamaninku, mazan fama!" Amma ka tambaye su wa ya kai wa mazan faman ruwan sha yau, sai ka ga kowa na gyara hula.

Ana tsakiyar damina suka kawo mini Bitrus. Kofur ne, mutumin Filato, baƙi siriri mai wushirya. Babur ya kwashe shi a wani kwazazzabo suna sintiri, ƙashin ƙaurinsa ya karye wuri biyu. Hanyar Kaura a makon nan ba ta biyuwa, ga ruwa ya cinye ta ga masu tare ta, sai babbansu ya yarda a gwada ni. Na shimfiɗa masa tabarma a zaurena, na ja ƙafar na daidaita, ya ciji hularsa bai yi ƙara ba, sai gumi. Na jera kara na ɗaure. Daga ranar nan ya zama ɗan gida. Hure ce ke dama masa kunu, ni nake juya shi, ni nake fitar da abin da ya kama a fitar. Ran Lahadi yakan yi 'yan waƙoƙinsa na coci ƙasa-ƙasa, ni ina lazimina a gefe, ba wanda ya takura wa wani. Hirarsa ba ta wuce matarsa da wata 'yarsa da aka haifa bayan tahowarsa, wadda a waya kawai ya taɓa ganinta. Man shanun da nake murza masa kuwa, Inna Dije ce ke kawo shi duk Alhamis daga rugarsu ta ƙetaren gulbi. Tsohuwa ce da ta sayar wa uwata nono tun ina yawo ba wando. Su ma ɓarayin nan sun kwashe musu shanu, sun tafi da ɗanta guda, har ranar ba labari.

Sai ga Alhaji Isa da takardarsa. Alhaji Isa ɗan kasuwar hatsi ne, tare muka yi karatun allo, shi aka ɗora shugaban kwamitin tsaron gari, ko da yake ban san ranar da ya taɓa kwana a waje saboda tsaro ba. Bayan sallar Juma'a ya tsayar da magidanta a ƙofar masallaci, aka kawo tebur da tawada. Ya ce takarda ce ta goyon bayan sojojinmu, kowane mai gida zai dangwala yatsa. Mutane suka yi layi kamar ana rabon taki. Ni da na zo gaban teburin sai na ce a karanta mini. Aka yi ta 'yan dube-dube, sannan malamin makaranta ya karanta. Ashe roƙo ne ga hukuma cewa a tura soja su kutsa cikin daji, a tashi kowace ruga da ke ƙetaren gulbi, kuma mu mutanen gari mun shaida duk wanda aka samu a can ɓarawo ne.

Na ce, "Alhaji, ina goyon bayan soja a cikin wagga takarda? Ban ji an ce a ba su ruwa ko gidan sauro ba."

Ya ce, "Malam Garba, kada ka kawo muna gardama. Ko kana tare da soja ko kana tare da ɓarayi, babu ta ukku."

Na ce, "Inna Dije ɓarauniya ce?"

Ya ce, "In an tashi kashe wuta ba a zaɓen itace."

Na ce, "To ku da kuka dangwala, wa zai shiga gaba in an tashi shiga dajin? Kai ko ɗanka?"

Nan fa wuri ya yamutse. Wani ya ce ai jinin Sani bai dame ni ba. Wannan magana ita ta tunzura ni, na ɗaga babban yatsana sama, na ce da wannan yatsa nake laluben ƙashin mutane, ba zan shaida da shi cewa tsohuwar da na sani shekara sittin ɓarauniya ce ba, kuma ba zan aika ɗan wani ya mutu da tawada ba. Na ce in ana son a kama wanda ya kashe Sani, a kama shi, ni zan fara riƙe igiyar. Na kaɗe rigata na tafi. Na yarda na yi zafi, kuma na yarda da na iya faɗin haka ba tare da na kira ɗan Alhaji a gaban jama'a ba. Amma mutum bai iya auna magana da mudu sa'ad da ake taka masa gawar ƙane.

A gida ma ban samu sauƙi ba. Hure ta tare ni tun daga bakin turaka, labari ya riga ni isowa.

Ta ce, "Malam, mi ya kai ka? Yatsa ne fa kawai. Ka dangwala ka wanke hannunka, wa zai bi ka ya duba?"

Na ce, "Allah zai duba."

Ta ce, "Allah shina dubawa, amma da mutane muke zaune. Kai in ka hau dokin naka ba ka tuna kana da ɗiya mata."

Ba ta yi ƙarya ba, ga shi yau Saratu ce ke biya. Sai Lawali ya shigo, wannan da ke riƙe da biro yanzu, yana ɓoye hannunsa na dama a aljihu. Na ce ya fiddo. Ya fiddo, yatsa shuɗi shar da tawada. Rubuta, Lawali, na ce ba tsallake. Ya ce da ni, da idonsa jajir, "Baba, Baba Sani fa suka kashe. In ba a shiga an gama da su ba, sai yaushe?" Ban doke shi ba, ban zage shi ba, don tambayar da ya yi ni ma tana cina, kuma har yau ban da amsarta. Abin da na ce masa kawai shi ne, wanda ya harbi Sani yana can cikin dutse da bindigarsa, ba zai zauna a ruga yana jiran a zo a same shi yana tatsar nono ba.

Duk wannan hayaniya Bitrus na jin ta daga zaure. Da na shiga duba ɗaurinsa da la'asar sai ya yi dariya, ya ce, "Baba, na ji ana faɗa a kanmu." Na ce haka ne, wai ni ne maƙiyinku. Sai ya ce, "Mu dai in an ce mu shiga, za mu shiga, aikinmu ne. Amma na ga wurare da yawa, Baba. Masu cewa a shiga, ba na ganin su a ciki." Na kwance tsumman na murza masa man shanu, na mayar na ɗaure.

Daga makon nan sunan infoma ya fito. Ban san bakin da ya fara furta shi ba, amma kafin Juma'a ta zagayo yara na faɗinsa a bayan katangata. In na yi sallama a majalisa sai a amsa a ciki-ciki. A masallaci sai in ga gurbi ya buɗe dama da hagu kamar mai ƙazuwa. Hujjarsu kuwa abin dariya abin haushi: wai Bafulatana na shiga gidana duk Alhamis da ƙwarya a rufe. To me ke cikin ƙwaryar? Man shanun da ake shafa wa sojan da suke cewa suna ƙauna! Soja na kwance a zaurena, ina kwashe kashinsa da hannuna, kwanon gidana na zuwa makaranta kullum, amma ni ne maƙiyin soja, su masu tawada a yatsa su ne masoya. Kai, jama'a! Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wata yarinya 'yar maƙwabta da ta faɗo daga bisa jaki ta karya hannu. Gidana na kallon gidansu, amma uban ya ƙi kawo ta, ya bari sai da aka samu mota bayan kwana huɗu. Hannun nan a karkace ya warke, kuma na san da na gyara shi cikin ɗan lokaci kaɗan.

Ba a ma jira hukuma ta amsa takardar ba. Wasu samarin gari, da suka ga iyayensu sun shaida da yatsa cewa duk na ƙetare ɓarawo ne, suka ɗauka an ba su izini. Wata safiya muka ga hayaƙi ya tashi daga wajen gulbi. Alhamis ta zo, Inna Dije ba ta zo ba, ta sake zagayowa ba ta zo ba. Wasu sun ce ta tsira ta bi 'yan'uwanta arewa, wasu sun ce ba haka ba. Ban sani ba, kuma ba zan ƙaga abin da ban gani ba. Na dai san ƙwaryarta ta ƙarshe tana gidana, na kankare ta har ƙasa, daga nan na koma shafa wa Bitrus man gyaɗa.

Ya yi wata biyu da 'yan kwanaki a wurina sa'ad da umarni ya zo cewa za a shiga daji. Ko takardar Alhaji ce ta jawo, ko dama can an shirya, Allah ne masani, ba zan ɗora wa kowa abin da ban tabbatar ba. Lokacin Bitrus ya fara takawa, na ba shi sandar aduwa, yana zagaya tsakar gida Hure na yi masa tsiya wai ya fi agwagwa rangaji. Da safe ya ce mini zai bi 'yan'uwansa. Na ce bai isa ba, ƙashin bai gama kamawa ba, ko babbansu ya zo ni zan gaya masa. Ya ce ba wanda ya tilasta shi, hannu ne ya yi musu kaɗan, kuma a mota zai zauna wurin na'urar magana, ba zai taka ƙasa ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira shi mai kunnen ƙashi. Ya durƙusa da ƙafarsa mai lafiya ya gaida Hure, ya ce, "Mama, a ajiye mini kunu." Ni kuma ya ɗaga sandar ya ce, "Baba, na san doka. Da ƙafata zan kawo ta."

Ranar da motocin suka fita, gari ya fito kamar ana rakiyar alhazai. Da kalangu, da guɗa, Alhaji Isa a gaba da babbar riga yana ɗaga hannu biyu. Ni ina tsaye a ƙofar zaurena, ban ɗaga hannu ba, addu'a nake Allah ya dawo da su duka, har wanda ban san fuskarsa ba. An ga hannuna a ƙasa, aka ƙara a cikin laifuffukana.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, soja biyu suka yi sallama. Ɗaya na riƙe da sandar. Tun kafin su buɗe baki na gane, na zauna a dakali. Suka ce an yi musu kwanton ɓauna a wani mashigi, motar ta maƙale, kowa ya diro ya nemi mafaka. Shi bai iya gudu ba. Suka ce tun a hanya ya gaya musu, in wani abu ya faru, sandar nan ta Baba maɗori ce, a mayar masa. Hure ta ji daga ciki ta fasa kuka irin wanda ta yi ranar Sani.

Ban shiga gida ba. Na ɗauki sandar na nufi gindin darbejiyar da 'yan kwamiti ke zama, na same su ana shan shayi. Na dasa ta a tsakiyarsu.

Na ce, "An kashe sojan da ya kwanta a zaurena. Ku masoyan soja, mi ne ne sunanshi?"

Wani ya ce, "Inna lillahi." Wani ya ce, "Ai wanga baƙin ne, mai ɗingishi."

Na ce, "Wata biyu shina kwance cikin garinku. Sunanshi nike tambaya. Alhaji, kai ne shugaba."

Alhaji Isa ya dubi kofin shayinsa, ya ce, "Malam Garba, soja ai duk soja ne."

To kun ji. Ban san sa'ad da na fara zazzaga musu abin da ke cikina ba, kuma ba zan sa Lawali ya rubuta shi ba, don wasu kalmomin ba na dattijo ba ne. Washegari muka tashi muka ga an shafa jar ƙasa a ƙofar gidanmu, kowa kuwa ya san abin da ake yi wa gidan da aka yi wa alama. Babban sojan da kansa ya aiko a ce mini in bar gari, ba zai iya tsare ni daga maƙwabtana ba. Ko gero ban tsaya yankewa ba. Muka ɗaure abin da ya ɗauru muka yi Kaura Namoda, aka ba mu ɗaki biyu a bayan tasha. Alhaji Isa ma bai kai ƙarshen kaka ba ya kwashe iyalinsa ya yi birni, da harin ramuwa ya fara sauka a kan waɗanda ba su da inda za su.

Ba zan ce muku ban yi asara ba. Gidan da aka haife ni, zauren da ubana ya koya mini ɗori, gonar Sani, duk sun tafi. Hure ta rasu a ɗakin haya tana ambaton bishiyar lemun da ta dasa a tsakar gidanta, kuma sau da yawa nakan ce da na yi shiru na dangwala kamar kowa, da wataƙila a ɗakinta ta cika. Wannan nauyi nawa ne, ban raba shi da kowa. Amma in aka dawo da teburin nan gobe, da tawadar, ba zan dangwala ba. Har yau in an kwashe tuwo a gidan nan, akwai kwanon da ke zuwa shingen soja na bakin hanya, ku kanku kuna gani. Ina son yaran nan su ci su ƙoshi su koma wa iyayensu da ƙafafunsu. Su Alhaji kuwa so suke a shiga a gama, ko wa zai faɗi. Su suka ce abu ɗaya ne, ni na ce biyu ne, a kan haka aka kira ni infoma.

Lawali ya ajiye biro yana share ido. Ɗauki, ban gama ba, kuma na daɗe da yafe maka, yatsa ne, ya wanku. Saratu, in matar nan ta sake faɗa miki wannan kalma, kada ki yi kuka, kada ki yi zagi. Ki ce mata ubanki na gaishe ta, kuma yana tambaya ta faɗi sunan soja ɗaya da ya mutu yana tsaron ƙasarku. In ta rasa, ki kawo ta nan ta ga sandar da ke rataye bisa ƙofata. Mutane da yawa sun karye sun zo tun bayan nan, na ba su wasu sanduna, wannan ban ba kowa ba. Ubana ya ce sai mai ita ya kawo ta da ƙafarsa ake cewa an gama, shi kuwa kawo masa ita aka yi, don haka har gobe yana wuyana. Sunansa Bitrus. Rubuta shi da kyau, Lawali, yadda za a iya karantawa.